Kowa a gida yana jiran albashina, ni kuma bashi ya kai mini wuya

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, albashina naira 185,000 a wata. Ina da mata da yara biyu, muna zaman haya, 420,000 a shekara. Ni kaɗai ne mai aikin albashi a gidanmu, don haka abin da ke fita daga hannuna zuwa ƙauye da sauran dangi ba ya gaza 50,000 duk wata. Ƙanena ya gama sakandare yana zaune, ya ce sai na saya masa babbar waya, har ya daina gaishe ni. An sa bikin ƙanwata nan da wata 4, an yanka mini 400,000 na kayan ɗaki. Watan jiya na ci bashin 60,000 a manhajar waya, za su karɓi 75,000. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ina da baffa mai shaguna a kasuwa, wannan kuɗi ba komai ba ne a wurinsa, amma da na je sai ya ce in yi haƙuri. Ina zumuncin yake? Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, kuma takardun neman rance da suka bi ta hannuna sun nuna mini cewa masu shiga irin halin da kake ciki yawancinsu ba almubazzarai ba ne. Mutanen kirki ne masu kunya, waɗanda bakinsu ke yi musu nauyi wajen cewa babu. Don haka kada ka ɗauki abin da zan faɗa a matsayin faɗa. Amma akwai maganar da ba za ta yi maka daɗi ba a ciki, kuma ita ce ta fi komai amfani.

Matsin da kake ji na gaske ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haye 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma duk mai zuwa kasuwa ya san ƙarin bai cimma tsadar ba. Wato albashin da a da yake riƙe gida biyu, yau da ƙyar yake riƙe ɗaya. Mutanen gidanku suna jin sunan kuɗin, 185,000, suna auna shi da mudun da. Su ma tsadar ta same su, shi ya sa buƙatunsu suka ƙaru a daidai lokacin da ƙarfinka ya ragu.

To mu zauna mu yi lissafi, don na tabbata ba ka taɓa yinsa a takarda ba. Hayar 420,000 in ka raba ta wata 12, naira 35,000 ce duk wata, ko mai gida ya zo ko bai zo ba. Bari in ƙaddara cefanen mutum huɗu da hatsi da mai da sabulu 80,000 ne, kuma ka san na tsuke. Kuɗin mota zuwa aiki 25,000. Kuɗin makaranta in an raba shi a wata-wata, a ce 12,000. Wuta da ruwa da gas da katin waya 13,000. An tashi 165,000. Saura 20,000, ba a yi maganar magani ba, ba a yi maganar takalmin yaro ba. Kai kuma kana fitar da 50,000. Akwai giɓin 30,000 duk wata, 360,000 ke nan a shekara, kusan kuɗin hayarka. Daga nan za ka gane inda kuɗin yake fitowa: kuɗin haya kake rabarwa, domin ita kaɗai ce ba ta ƙwanƙwasa ƙofa kullum. Ranar da ta ƙwanƙwasa sai a tafi neman bashi. Ka canza lambobin nan da naka na gaskiya, amma zai yi wuya sakamakon ya canza da yawa.

Yanzu ga maganar da na ce ba za ta yi daɗi ba. A wasiƙarka ka kawo ƙarar mutum biyu. Ƙanenka yana fushi da kai saboda yana ganin kana da shi ka hana shi. Kai kuma kana fushi da baffanka saboda kana ganin yana da shi ya hana ka. Abin da ƙanenka yake yi maka, shi kake yi wa baffanka, ba ragi ba ƙari. Ƙanenka bai san akwai bashin 75,000 a kanka ba, rigarka mai guga da katin aikinka yake gani. Kai ma ba ka san abin da ke kan baffanka ba, shaguna kake gani. Duk wanda ya san harkar Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari ya san kayan da ke cike da shago sau da yawa ba na mai shagon ba ne, na dila ne da aka ba shi bashi, kuma ranar biya tana zuwa. Ya kuma san ɗan kasuwan da yake taɓa jari duk lokacin da ɗan'uwa ya shigo da kuka ba ya shekara biyu a kasuwa. Mai yiwuwa kai ne mutum na biyar da ya je masa a wannan makon. Mai yiwuwa kuma yana da shi ɗin, ya dai ƙi. Ko da hakan ne, kuɗinsa ne.

Wannan ɗabi'a ta ganin kana da rabo a aljihun wani don kawai kun haɗa jini, ko don ya fi ka samu, ta yi mana yawa, kuma ba talaka kaɗai ke da ita ba. Ma'aikaci yana jiran ɗan kasuwa, ɗan kasuwa yana jiran ɗan siyasa, ɗalibi yana jiran yayansa, mai gadi yana jiran mai gida. Kowa yana kallon na samansa da ƙorafi, yana kallon na ƙasansa da gajiya. Illarta babba ita ce tana kashe godiya. Wanda ya ɗauki abu haƙƙinsa ne ba ya gode wa wanda ya ba shi, sai dai ya ƙirga abin da ya rage ba a ba shi ba. Shi ya sa za ka tura 50,000 wata goma a jere ba wanda ya kira ka, ranar da ka tura 30,000 wayarka ba za ta huta ba.

Amma ba na son ka ɗauka mutanen gidanku miyagu ne, don abin yana da asali. Iyayenmu a gandu suka tashi. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake zubawa, mai gida ne ke auna hatsi, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. A wannan tsari kowa yana da haƙƙi a rumbu, kuma haƙƙi ne na gaskiya, domin kowa ya zuba guminsa a ciki. Wanda ke son abin kansa sai ya yi gayauna da yamma ko ranar hutu. Gandu ya watse a mafi yawan wurare, aikin tare ya tafi, amma tunanin cewa abin da ɗan gida ya samu na gida ne bai tafi ba. Aka mayar da albashin mutum ɗaya rumbun gandu, alhali ba wanda ke taya shi noma shi. Wannan shi ne tushen rikicin da kake ciki, kuma shi ya sa suke jin su ne masu gaskiya kamar yadda kake jin kai ne mai gaskiya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ka tambayi kanka tsakaninka da Allah. Wa ya biya maka makaranta? In an sayar da akuya ko buhun gero don ka yi jarrabawa, in wani yayanka ya zauna a gona don kai ka tafi birni, to waɗannan suna da abin faɗa, kuma ɗan halak ba ya mantawa. Su ne za ka sa a gaba in ka samu sarari. Sai dai sakayyar alheri daban take da biyan harajin da ba shi da iyaka ba shi da ranar ƙarewa.

Addini bai bar wannan magana a dunƙule ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an faɗi waɗanda ciyar da su ya zama dole a kan namiji: matarsa, ko mawadaciya ce ko matalauciya; iyayensa biyu in matalauta ne; 'ya'yansa ƙanana da ba su da dukiya, maza har su balaga in ba su da wata nakasa, mata har su yi aure su tare. Bayan waɗannan, sauran dangi ciyar da su ba wajibi ba ne a mazhabar Malikiyya. Wasu mazhabobin sun faɗaɗa, amma su ma sun sa sharaɗin mai bayarwa ya zama yana da rara, mai karɓa kuma ya zama mabuƙaci. Abin da kake yi wa ƙane da ƙanwa da gwaggo da ɗan maƙwabci zumunci ne da sadaka, ladansu babba ne, amma suna zuwa bayan wajibi. Manzon Allah (SAW) ya ce mafi alherin sadaka ita ce wadda aka yi bayan an wadatu, kuma mutum ya fara da waɗanda yake ciyarwa. A wani hadisin ya jera su: ka fara da kanka, in ya yi saura iyalinka, in ya yi saura danginka.

Ka buɗe Suratul Isra'i ka karanta daga aya ta 26 zuwa ta 29, za ka ga kamar da kai ake magana. An fara da umarnin a ba ɗan'uwa haƙƙinsa da miskini da matafiyi, aka hana almubazzaranci. Sai aka ce in ka kau da kai daga gare su saboda kana jiran wata rahama daga Ubangijinka, wato babu a hannunka, to ka faɗa musu magana mai taushi. Sannan aka ce kada ka ƙuƙunce hannunka a wuyanka, kada kuma ka shimfiɗa shi gaba ɗaya har ka zauna abin zargi, wanda ya rasa komai. Ba a ce ka ci bashi da ruwa ka ba su ba. An ce ka yi musu magana mai daɗi. Kuma ka lura da abin da aka ce zai sami wanda ya shimfiɗa hannu duka: zai zauna abin zargi. Na ga wannan da idona sau da yawa. Ranar da mai gida ya fito wa mutum da kaya, waɗanda suka ci kuɗin su ne na farko wajen cewa ai dama ba ya da tattali.

Abin da za ka fara yi shi ne kashe bashin manhajar nan, kafin biki, kafin waya, kafin komai. Naira 15,000 a kan 60,000 cikin wata ɗaya kashi 25 cikin 100 ne. In ka riƙa sabunta shi har shekara, ruwan kaɗai 180,000 ne, albashinka na wata guda kusan duka, uwar kuɗin kuma tana nan. Riba ce, ka san hukuncinta, kuma masu wannan sana'a ba sa jin kunya. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a 2022 saboda yadda suke tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mai bashi, ta kuma tilasta musu rajista. Kamfanin Google ma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin mutane da hotunansu. Duk da haka akwai masu yi ta bayan fage. Kada ka ɗauki bashi a wata manhajar don ka biya wannan, nan ne mutane suke nutsewa. In akwai ƙungiyar gama-kai a wurin aikinku, je ka nemi rance a cire a albashi a hankali. In kana adashi, roƙi a ba ka ɗaukan wannan watan. In akwai abin da za ka iya sayarwa, sayar. In duk babu, biya daga albashi, ka sanar da gida cewa wannan watan babu saƙo sai na Umma, ku ɗaure ciki kai da iyalinka na kwana 30. Bayan ka biya, goge manhajar daga wayarka, don za su riƙa turo maka tayin kuɗin da ya fi na farko.

Muna yawan cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, har muka raina shi. Amma an kawo wa Manzon Allah (SAW) gawa ya tambaya ko akwai bashi a kanta, da aka ce akwai kuma bai bar abin biya ba sai ya ce sahabbai su sallace ta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya sannan ya yi mata salla. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abin da aka ɗauka da wannan nauyi bai kamata a ci shi don anko ba.

Na biyu, ka je gida da kanka, kada ka yi ta waya. Ka zauna da mahaifiyarka ku biyu, ka nuna mata lissafin nan. Na san al'adarmu ba ta son namiji ya faɗi abin da yake samu, ana ganin rufin asiri ne. Amma ɓoyewar ce ta jawo maka wannan, domin in ba ka faɗi adadin ba kowa zai ƙiyasta nasa, kuma ba wanda ke ƙiyasta kaɗan. Ka ce mata, “Umma, ga abin da nake samu, ga inda yake tafiya, ga bashin da ya hau kaina. Naki ba zai taɓa yankewa ba in Allah ya yarda, amma ba zan iya ɗaukar na kowa ba.” Mafi yawan iyaye mata in suka ji ɗansu ya ci bashi da ruwa saboda hidimar gida, su da kansu suke tsayawa su tare masa. Ita ce za ta iya faɗa wa gwaggo da kawu abin da kai ba za ka iya faɗa ba. Ka yanka mata abin da za ka iya ɗorewa a kai, ko 15,000 ne, ya riƙa zuwa a rana ɗaya duk wata ba sai ta tambaya ba. Kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya fi mata amfani a kan mai yawa da ba ta san ranarsa ba, don za ta iya tsara kanta. In ka samu dama lokacin kaka ka saya mata gero ko masara ka ajiye, a mafi yawan shekaru hatsi ya fi sauƙi a lokacin, yana hawa in damina ta kankama.

Sauran masu kira kuma, ka ware wani ɗan abu, a ce 5,000, na ko-ta-kwana. In ya ƙare ya ƙare. Rashin lafiya da rasuwa su ne ke karya wannan doka, ba suna ba, ba anko ba. Kuma ka daina cewa “zan gani” ko “bari a yi albashi” alhali ka san babu. Wannan maganar ita ke sa mutum ya ɗora rai, ya je ya yi alkawari a kanka, ranar da ka kasa ya ce ka yaudare shi. “Wallahi ba ni da hali, Allah ya buɗa mana” tun ranar farko ta fi sauƙi a gare ku duka. Za a yi fushi. Wasu za su ce birni ya canza ka, wasu za su ce matarka ce ta mallake ka. Ka shirya jin wannan, ka kuma kare matarka daga zargin, ka ce shawararka ce. Ka ci gaba da zuwa gaisuwa da dubiya da ta'aziyya, domin zumunta a ƙafa take, kuma mutumin da ake ganinsa a kowace hidima da jikinsa ba a daɗewa ana fushi da shi.

Maganar bikin ƙanwarka. Naira 400,000 ta fi albashinka na wata biyu ba ka taɓa ko sisi ba. Wanda ya yanka maka wannan bai tambaye ka ba, don haka ba alkawarinka ba ne. Ka koma tun yanzu, wata 4 kafin biki, ka faɗi abin da za ka iya, ko 80,000 ne ko 100,000, a san da shi a tsara kayan a kansa. Abin da yake ɓata zumunci shi ne ka yi shiru har saura mako biyu sannan ka ce babu. A shari'a muhalli da ciyarwa da tufatarwa a kan miji suke, kuma a fiƙihunmu abin da ake nema a wajen amarya shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa. Jeren kujeru da kabet da tarin kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a ciki ba al'ada ce, kuma al'ada ce da ta yi tsadar da har ta hana aure. Da ba haka ba, da gwamnatin Kano ba ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012 tana haɗa musu gado da katifa ba. Gado, katifa, kayan girki da ɗan abin zama sun isa a tare. In akwai rara, gara a ba yarinyar keken ɗinki ko ɗan jari a hannunta. Mutanen da ake tsoron su je ganin ɗaki su yi magana, kwana biyu za su yi suna yi, bashin kuma kai zai bi shekara.

Ƙanenka kuwa, kada ka saya masa wayar, ko da kana da kuɗin. Saurayin da ya daina gaishe da yayansa don a saya masa abu, in aka saya masa an koya masa cewa fushi yana biya. Amma kada ka yi watsi da shi. Zaman banza ne yake cinsa, yana ganin sa'o'insa a TikTok da Facebook da wayoyi masu tsada yana jin an bar shi a baya. Ka kira shi ka yi masa maganar manya. Ka nuna masa lissafin kamar yadda ka nuna wa Umma, ka tambaye shi sana'ar da yake so: gyaran waya, ɗinki, walda, aikin wutar sola, kiwon kaji. In ya zaɓa, ka yi masa alkawarin kuɗin koyo ko kayan aiki bayan ka fita daga bashi, sau ɗaya, da sharaɗin zai riƙa zuwa. In ya fara samu ya sayi wayar da guminsa. Lokacin da Abdurrahman bin Auf ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya sa masa albarka ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Ka ba ƙanenka wannan labari, kai ma ka riƙe shi.

Sannan ka duba naka gidan da irin idon da kake duba na wasu. Ban san yadda kake rayuwa ba, amma na san abin da ke cin albashin ma'aikata: sabuwar shadda duk Salla, ragon layya na bashi alhali layya sunna ce ga mai hali, makarantar kuɗi da aka zaɓa don abokin aiki ya sa nasa a can, gudummawar kece raini a bikin aboki, haya a unguwar da ta fi ƙarfin mutum. Wani ɓangare na abin da dangi suke nema a wurinka, kai ka nuna musu shi. In ka je ƙauye da Salla cikin shiga ta alfarma kana rabon sababbin kuɗi, ka gaya musu kana da shi, ba za su yarda da wata magana bayan wannan ba. Ka zauna da matarka ku yi lissafin tare, don ita ke riƙe da mudu, kuma macen da ta san gaskiyar abin da ke shigowa ta fi kowa iya tattalinsa. Ranar da albashi ya shigo ka fara cire 35,000 na haya ka sa inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba. Ka kuma kiyayi masu cewa ka kawo kaɗan a ninka maka, domin mai matsi suke nema. Tsarin ninka kuɗi na MMM ya tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, na CBEX ma ya yi haka a watan Afrilun 2025, cacar ƙwallo kuma tana yi kullum.

Lissafin da muka yi ya nuna ko ka gyara komai abin da zai rage maka kaɗan ne, don haka nan gaba sai ka nemi abin da za ka haɗa da albashi, ko darasin yamma, ko ɗan kiwo, ko sana'ar da matarka za ta yi daga gida. Amma wannan bayan an toshe ɓarakar ne.

Mu koma kan baffanka. Ka cire fushin daga ranka, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, kuma malamai sun yi magana mai tsanani a kan abin da aka karɓa ta hanyar sa mutum jin kunya. Ko zakkarsa, kashi 2.5 cikin 100 na dukiyar kasuwancinsa in ta kai nisabi ta shekara, gaskiya ne wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kuma ba wa ɗan'uwa mabuƙaci yana da lada biyu, amma shi ke zaɓar wanda zai ba a cikinsu. In za ka koma masa, ka koma da wata magana daban. Ka je gaisuwa sau ɗaya ko biyu ba ka nemi komai ba. Sannan in ka ga fuska, ka nemi rance ba kyauta ba, ka faɗi adadin, ka faɗi ranar biya, ka ce a rubuta da shaida. Ɗan kasuwa yana jin wannan yaren, domin da shi yake rayuwa. Ka nemi 75,000 na kashe bashin riba, kada ka haɗa da kuɗin biki. In ya ba ka, ka mayar kafin ranar ta cika, ko da 15,000 ne duk wata har wata 5.

Akwai kuma abin da yake da shi wanda ya fi kuɗin amfani, kuma bayar da shi ya fi masa sauƙi. Ka roƙe shi ya ɗauki ƙanenka yaron shago. Yawancin masu shagunan da kake gani a kasuwannin Kano haka suka fara, da shara da ɗaukar kaya da zuwa aike, har ubangida ya yarda da amanarsu ya sallame su da jari. Kafin ka kai maganar, ka tabbata yaron ya yarda zai yi, ka kuma gaya masa a fili cewa zai je ne a matsayin mai koyo ba ɗan mai shago ba, zai buɗe da safe ya rufe da yamma kamar sauran yara, kuma aljihun kuɗi ba nasa ba ne.